Leɓen Maikano

Da yatsu biyu anfirmiye, malamin asibiti, ya kama leɓen Maikano na ƙasa ya janyo shi waje, kamar mai duba haƙoran akuya, a tsakiyar kasuwar Bande, a idon jama'a. Laraba tana zaune gefe bayan faifanta na taba gari, ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga ka har ƙafa. Lamba aka ce za a yi wa mutane saboda agana, kuma kowa ya san a dantse ake yin ta. To me ya kai hannun wannan yaro bakin mijinta?

"Baba, tun yaushe farin tabon nan yake nan?" in ji anfirmiyen.

Maikano bai sami bakin amsawa ba, tunda bakin yana hannun wani. Da aka sake shi ya tofar da jan yawu gefe, ya yi dariya ya ce, "Ai makwancin tabata ne, ɗan nan. Nan nake ƙunsa ta tun kafin a haife ka. Ko jaki in ya daɗe yana ɗaukar mangala, wurin sai ya yi kanta."

Mutanen da ke layi suka yi dariya, amma anfirmiyen ko murmushi bai yi ba.

"Ba kanta ba ce. In ba ka bar ƙunsa taba a nan ba, kafin kaka zai fashe ya zama gyambo, kuma mai ci ne, ba ya tsayawa sai ya kai muƙamuƙi. Ka zo ka same ni gidan likita a Magarya, in sa ka a kamiyo, babbar motar da ke zuwa Damagaram. Yanzu da bai wuce ƙwayar wake ba, babban likita zai iya yanke shi."

Laraba ta kasa kunne tana jiran sauran. Ta jira ya ce Allah ya kiyaye, ko Allah ya raba ka da shi, ko da a ciki-ciki ne. Yaron nan sai ya tsoma hannu a kwanon ruwan magani, ya goge da tsumma, ya ce na baya ya matso.

A ƙasar nan ba a kiran sunan ciwo a kan mutum tsirara. Ko tsohuwa ce za ta ba da labarin wanda kunama ta harba, sai ta fara nema wa mai saurare tsari. Wannan kuwa ya kira gyambo, ya nuna masa wurin zama, har ya yanka masa lokaci. Laraba ta tofa addu'a a ƙirjinta, ta bi shi da harara. Sunansa Alkasim, ɗan Mallawa ne, irin yaran da Nasara suka kama suka kai lakol, makarantar boko, don iyayensu ba su da mai tsaya musu. Ya dawo da gajeren wando da dogon ilimi, ladabin magana kuma ya baro shi can.

* * *

Taba ce ta riƙe gidan Maikano. A ƙauyensu, Kwarin Tamu, yana da lambun gado a bakin fadama, da jigo da rijiya, tun kakansa ganyen nan ake shukawa. Shi ya noma ya shanya, Laraba ta daka da kanwa ta kai kasuwa. Shekarar da gero ya ƙi, taba ce ta biya lanho, harajin Nasara, ita ta aurar da ƴarsu. Ita kanta Laraba ba ta fita sai ta goga furen taba da goro haƙoranta sun yi jawur, kuma Maikano ya sha faɗa cikin wasa cewa jan haƙorin nan ya aura, sauran duk gyara aka ba shi.

Da bazara ta kama, tabon ya fara yi masa zugi in ya sha abu mai yaji. Laraba ba ta tayar da hankalinta ba, don maganin yana cikin turminta. Wa bai san taba ce maganin ciwon baki ba? Mai ciwon haƙori ita yake cusawa, mai kumburin dasashi ita yake gogawa. Sai ta daka masa ta musamman, ta ƙara kanwa har ta fi ta sayarwa kaifi, ta ce ya riƙa danna ta daidai kan tabon. In ya ƙunsa hawaye ya zubo masa, sai ta ce, "Ka daure, Malam, aiki take yi."

Gab da faɗuwar damina Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya zo Bande rabon irin gyaɗa. Aka tara masu gari da talakawa a gindin tsamiya, mata suka raɓe daga nesa, Laraba na cikinsu. An gama maganar gyaɗa ana shirin tashi, sai ga Alkasim ya miƙe ya cire hula ya nemi izini. Ya fara da Faransanci, sannan ya juyo ya maimaita da Hausa da kansa, bai bar wa tafinta ba.

Ya ce shi da ƴan'uwansa anfirmiyoyi na Dungas da Matamai sun gaji da wanke bakunan da suka ruɓe. Ya ce yana roƙo a hana sayar wa yara taba, a sa sanƙira ya yi shela a kowace kasuwa a kan cutarta, a kuma daina sallamar masu aikin hanya da taba da sigari a maimakon hatsi. Ya ce hukumar da ke karɓar kuɗi a kan ganyen nan ita ya kamata ta fara jin nauyinsa.

Kumandan yana zaune da lofensa a baki yana hayaƙi tun farkon taro. Ya zare shi, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa, ya mayar. Sannan ya daɗe yana kallon Alkasim, irin kallon da ake yi wa doki mai shirin harbi.

Kashegari Ɗan Azumi ya yi sallama gidan Maikano. Shi ne dillalin da ke kwashe tabar Kwarin Tamu ya tsallaka iyaka da ita kasuwannin ƙasar Ingilishi, ya dawo da sigari a ƙarƙashin buhunan gishiri. Laraba ba ta taɓa yarda da awonsa ba, kullum sai ta sake aunawa a bayansa. Ya zauna a tabarma, ya karɓi ruwa, ya girgiza kai.

"Yaya, ka ji abin da ɗan lakol ɗin nan ya yi jiya? Ruwa ba ya tsami banza. Ka ga an zo da irin gyaɗa, ka ga an ce taba cuta ce, rana ɗaya, a gindin itace ɗaya. Su Nasara gyaɗa suke so, ko'ina gyaɗa. In aka hana taba, me za ka shuka a fadamarka?"

"Amma ai Kumandan bai ji daɗin maganar ba," in ji Maikano. "Na ga fuskarsa."

"Wasa ne suka shirya, yaya. Yaro zai miƙe gaban Nasara ya faɗi haka, in ba a ce ya miƙe ba?" Sai ya juya wurin Laraba ya sassauta murya. "Matar yaya, ya jikin leɓen? Ina nan fa ranar lamba. Na ji da kunnena. Ko Allah ya kiyaye bai ce ba."

Laraba ta ɗago ta dube shi. Abin da take ɓoyewa a cikinta wata da watanni, ga shi wani ya faɗe shi a fili. Ashe ba ita kaɗai ta ji ba.

* * *

Tsakiyar damina tabon ya fashe. Ya zama ɗan rami mai tauri a gefe, yana jini in an taɓa, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin haɓa. Laraba ta duba ta sake dubawa, ta ga wurin da yaron ya nuna ne, ko kauce bai yi ba. Tsohon da ya shekara talatin yana ƙunsa taba lafiya lau, sai bayan an kama leɓensa an kira masa ciwo? Biri fa ya yi kama da mutum. Ta karɓo rubutu, ta kai shi wurin wanzami, ta turara ɗakin da saiwoyi, ta kuma ƙara kanwa a tabar.

Wata rana da azahar tana sussukar gero ta ji ƙararrawar keke a ƙofar gida, aka yi sallama. Ta gane muryar kafin a rufe baki. Maikano yana kwance a ɗaki, ya yunƙura zai tashi.

"Yaron nan ne. Bari in fita ya gani."

Ta tare ƙofa. "Malam, ka rufa mini asiri. Wancan karon tabo kamar wake ya gani ya kira maka gyambo. Yau in ya ga gyambo, me kake so ya kira?"

"Laraba, zafin nan ya ishe ni. Ko ma mene ne..."

"Na roƙe ka don Allah da Annabi ka kwanta."

Ya dube ta, ya koma ya kwanta. Duk zamansu bai taɓa ƙetare roƙonta ba, kuma ta san da haka.

Ta ja mayafi ta fita zaure. Alkasim na tsaye riƙe da keke, gumi ya jiƙe masa riga, ƙafafunsa duk laka.

"Ina wuni, Inna. Wurin Baba na zo. Na daina ganinsa a kasuwa."

"Ba ya nan. Ya yi tafiya."

Daidai nan Maikano ya yi tari daga ciki, tari mai tsawo. Alkasim ya kalli ƙasa, ita ta kalli katanga.

"Inna, na san abin da ake faɗa a kaina," ya ce. "Wai ni na yi masa baki. Wallahi abin da na gani na faɗa, na ga irinsa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ku zage ni yadda kuke so, amma ku kawo shi. Har yanzu da sauran dama, amma ba mai yawa ba."

Ga shi nan kuma, ya sake yanka lokaci.

"Wa ya nuna maka gidan nan?"

"Tambaya na yi."

"In an yanke leɓen, kai me za ka samu?"

"Ba abin da zan samu, Inna."

Wannan amsar ita ta ƙarasa shi a wurinta. Da ya ce Nasara suna ba shi lada a kan kowane leɓe, da ta fahimta, don kowa da inda yake ci. Amma mutum ya tuƙo keke tun daga Magarya cikin rairayi da taɓo, da tsakar rana, ya ce don Allah kawai? Ta ce masa ya sauka lafiya. Da ya ɓace ta ɗauko tsintsiya ta share sawunsa da na kekensa har bakin hanya.

* * *

Ɗan Azumi ne ya kawo shawarar. Ya ce masu taba na kasuwanni uku sun kai kuka bariki, saura shaidar wanda abin ya shafa a jiki. Ya ce mai mugun baki in aka tona shi gaban hukuma, bakinsa yakan yi sanyi, abin da ya ɗaura ya kwance. Laraba ta taɓa jin haka wurin kakarta. Ba ta gaya wa Maikano ba, ta ce masa za ta Magarya sayo kanwa.

Ba ta taɓa shiga biro, ofishin Nasara, ba sai ran nan. Ta durƙusa a kan siminti mai sanyi, ta ja mayafi har hanci. Kumandan yana bayan tebur, tafinta na tsaye gefensa, Ɗan Azumi a bayanta. Aka ce ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ranka ya daɗe, mijina lafiyarsa ƙalau. Anfirmiye ya kama bakinsa a kasuwa ya ce zai yi gyambo, ya kuwa yi. Ya kuma biyo shi har gida. Ni so nake ya janye bakinsa, shi ke nan."

Tafinta ya fara juyawa. Ya yi ta magana, ya nuna gabas, ya nuna kudu, ya ƙirga wani abu da yatsu. Laraba ta yi mamakin yadda ƴar maganarta ta yi ƴaƴa haka. A ciki ta tsinci kalma ɗaya da ta sani, "parti", wadda ake kiran masu yawon siyasar nan da suka fara ɓullowa suna cewa Nasara su tafi. Ita kuwa ba ta ambaci parti ba. Ta ɗago za ta yi magana, Ɗan Azumi ya yi gyaran murya a bayanta, ta sunkuyar da kai. Kumandan ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba shi abin da ya daɗe yana nema.

A hanya ta ce, "Ɗan Azumi, me tafintan nan ya faɗa?"

"Abin da kika faɗa mana, matar yaya. Faransanci ne yake da tsawo."

Ba ta yarda ba. Amma ta riga ta saba da rashin yarda, har ba ta san wanda za ta fi zargi ba, sai ta bi bayansa.

* * *

Bakin bai yi sanyi ba. Kafin a gama yankan gero gyambon ya cinye rabin leɓen ya gangara haɓa. Maikano ya koma shan kunu ta gefen baki, rabi ya shiga, rabi ya zubo. Ya naɗe fuskarsa da rawani saboda ƙudaje da kuma kunyar masu zuwa dubiya, su ma suka ragu saboda wari. Ɗan Azumi ya aiko da gaisuwa sau ɗaya, daga nan ƙafarsa ta ɗauke. Tabar ma Maikano ya bar ta da kansa, don babu sauran inda zai ƙunsa ta.

Maganarsa ta yi ta narkewa har sai Laraba kaɗai ke gane ta. Wata safiya tana wanke masa wurin ya kama hannunta, ya yi ta fama da harshensa har ya fitar da ita: "Kai ni... wurin yaron." Daga wannan ba ta sake jin wata kalma daga bakinsa ba.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta yanke shawara za ta je ta durƙusa gaban Alkasim, ta kama ƙafarsa, ta ce ya yafe, ya janye abin da ya faɗa. In kuma yankan ne, a yanka. Ta ari takarkarin maƙwabci, aka ɗora Maikano a tsakanin tabarmi, ta kama igiya ta ja tun da asuba.

Da hantsi suka isa gidan likita. Ƙofar ɗakin magani a kulle take. A gindin itacen bedi wata dattijuwa tana wanke tsummokin ɗaurin ciwo, ita ce Zuwera ungozoma. Kusa da ita wani Bafulatani yana tsugune da ƙwaryar man shanu a gabansa, yana tauna ɗanyar gyaɗa. Laraba ta gaishe su, ta ce wurin anfirmiye suka zo.

"Kin makara, ƴar nan," in ji Zuwera. "Kin ga wannan ma, Hamman, wurinsa ya zo da man shanu, ga shi nan zaune ya rasa wanda zai ba. Alkasim sun ɗauke shi tun kafin kaka. Sun jefa shi can arewa cikin hamada, inda ko wasiƙa sai da raƙumi. Wai ɗan parti ne, yana bin gidaje yana zuga talakawa. Na Dungas da na Matamai da suka ji, kowa ya kama bakinsa."

"To wa ke sa mutane a kamiyon Damagaram?"

"Ba kowa. Sai an turo wani, shi kuma ba a ce ga rana ba."

Bafulatanin ya ɗago ya yi murmushi, nan Laraba ta ga leɓensa. Akwai giɓi a gefen hagu, da tabon ɗinki ya warke sumul.

"Shi ya aika ni Damagaram," in ji Hamman, yana shafa wurin. "A kasuwar Mallawa ya kama ni, ya ce in ban je ba zai ci ni har wuya. Na ji haushi, na ce wannan yaro ba shi da kunya. Amma na je. Yanzu sai dai fito da ba na iya yi wa shanu."

Laraba ta dafa takarkarin.

Zuwera ta goge hannu ta taso. "Bari in gani." Ta ɗaga rawanin a hankali, ta duba. Sannan ta mayar da shi, ta gyara masa naɗin da kyau kamar mai shirya ango.

"Allah ya sawwaƙe, Malam. Allah ya sa kaffara ne. Allah ya ba ki ladan jinya, ƴar nan." Ta yi ta jero addu'o'i, Laraba na cewa amin, tana jiran a ambaci magani ko yanka. Ba a ambata ba.

Dattijuwar ta koma kan wankinta, ta matse tsumma da ƙarfi. "Ni abin da ke ci mini rai, ba Nasara ba ne, su dama neman dalili suke. Wata mata ce fa, daga Kwarin Tamu, ta je har biro ta durƙusa ta ba da shaida a kansa. Yaron da ya tuƙa keke ya je ceton mijinta! Ban san ta ba, amma kullum na ga irin wannan na kan ce Allah ya isa. Ku daga ina kuke?"

Laraba ta ja mayafi ta rufe bakinta.

"Daga Dungas," ta ce.

"Kai, kun sha hanya. Ku huta rana ta yi sanyi kafin ku koma."

Maikano bai san ta taɓa shiga biro ba, kanwa ya san ta je saye. Bakinsa ya tafi, amma kunnensa ƙalau yake. Ya juyo da kansa a hankali daga kan takarkarin, ya zuba mata ido ta saman rawanin, bai ƙifta ba. Laraba ta sunkuya ta kama igiyar hancin san, ta shiga gyara ƙullin da bai kwance ba.